Orwell, Huxley ko Bradbury: Wanne Ya Kamata Zaman Karatunku Ya Fara Ɗauka?

Duk malamin da ya tara matasa a Aboabo ko Asawase ko Sawaba, unguwannin Kumasi a Ghana, don zaman karatu na mako-mako, in aka zo kan ƙagaggun labaran da ke hasashen rayuwa ƙarƙashin mulkin da ya mamaye komai, littattafai uku ne za su zo gabansa: Nineteen Eighty-Four na George Orwell da ya fito a 1949, da Brave New World na Aldous Huxley na 1932, da Fahrenheit 451 na Ray Bradbury na 1953. Hutun makaranta ɗaya ba zai ɗauki ukun ba, kuɗin karo-karo ma haka. Dole a zaɓi ɗaya, kuma in aka zaɓi wanda bai dace da mutanen da ke zaune a kan benci ba, kafin mako na uku zaman ya watse. Wannan bayani na masu jagorantar zaman ne, don haka za mu faɗi yadda kowane labari ya ƙare.

Shawararmu ta farko ita ce kada jarumin littafi ya zama ma'aunin zaɓi. A duba 'yan bi Yarima a sha kiɗa da ke kewaye da shi. Kowane marubuci cikin ukun nan yana da tasa amsa kan abin da ke sa jama'a su miƙa wuya. Orwell ya ce tsoro ne. Huxley ya ce daɗi ne. Bradbury ya ce sakaci ne, mutane da kansu suka ajiye tunani kafin hukuma ta zo ta hana. Matashi zai yaba wa jarumi ya tashi ya tafi gida bai taɓu ba, amma in ya gane kansa ko maƙwabcinsa a jikin mai biyayya, maganar za ta bi shi har kan tabarmarsa.

A wajen Orwell mai biyayyar shi ne Parsons, maƙwabcin jarumin labarin, Winston Smith: mutum mai ƙiba da zufa, mai hidimar jam'iyya dare da rana, wanda ke tattara gudummawar unguwa da zuciya ɗaya. 'Yarsa mai shekara 7 ce ta ji yana zagin shugaba cikin barci, ta kai ƙararsa. Ko a ɗakin tsaro yana alfahari da ita, yana cewa alamar ya ba ta tarbiyya ce. Wannan wuri kaɗai ya isa zama guda.

Tsarin ƙasar da Orwell ya zana a bayyane yake, shi ya sa koyar da shi ke da sauƙi. Duniya ta rabu gida uku, kullum ana yaƙi. Landan na cikin Oceania, jam'iyya ɗaya ke mulki da sunan Babban Yaya, wanda hotonsa ke ko'ina amma ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido. Manyan jam'iyya na ciki ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, talakawa kuwa kashi 85 ne, an bar su da caca da giya da waƙoƙin da inji ke tsarawa. Ma'aikatan tsakiya irin su Winston su ake sa wa ido. A ɗakunansu akwai allon bango mai gani da ji, ana iya rage masa murya amma ba a kashe shi. Aikin Winston a Ma'aikatar Gaskiya shi ne gyara tsofaffin jaridu su dace da abin da jam'iyya ta faɗa yau. An rage rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, washegari aka sanar cewa an ƙara shi zuwa giram 20, mutane suka fito suna godiya. A tsakiyar wani gangami aka miƙa wa mai jawabi 'yar takarda, ya sauya sunan ƙasar da ake yaƙi da ita bai ko tsaya ba, taro kuma ya ci gaba da ihu.

Bijirewar Winston ƙarama ce, kuma ƙanƙantarta ce ke ba ta nauyi. Ya sayi littafin rubutu a shagon tsofaffin kaya, ya zauna a wani lungu na ɗakinsa da allon ba ya hangowa, ya rubuta kwanan wata: 4 ga Afrilu, 1984. Hukuncin wannan kisa ne ko shekara 25 a sansanin aikin dole. Daga nan sai soyayya da Julia, sai ɗakin haya a saman shagon Charrington, sai miƙa kai ga O'Brien, wani babba a jam'iyya, da zaton ɗan ƙungiyar ɓoye ne. Duk tarko ne. Mai shagon ɗan sandan tunani ne, allon na bayan hoton da ke rataye a bango, O'Brien kuma ya shekara 7 yana bibiyarsa.

Akwai wurin da masu jagora ke yawan tsallakewa, alhali shi ne ya fi cancantar a tsaya. Lokacin da O'Brien ke rantsar da su, ya tambayi Winston ko zai yarda ya watsa wa yaro ruwan guba a fuska in tafiyar ta buƙaci haka. Winston ya ce zai yi. Daga baya, a ɗakin azaba, da Winston ya ce shi ya fi masu mulki nagarta, sai O'Brien ya kunna masa muryarsa yana amsa wannan alkawari. Orwell bai bar mai bijirewa ya fita da farar riga ba. Ga samarin da ke ganin duk wanda ya ja da hukuma gwarzo ne, wannan shafi ya fi wa'azi goma.

Mu Hausawa muna cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Kashi na uku na littafin nan an rubuta shi ne don a nuna cewa akwai mulkin da wuƙarsa ke hudawa. Bayan duka da yunwa da wutar lantarki, Winston ya yarda biyu da biyu biyar ne, amma ya riƙe abu guda: bai ci amanar Julia a zuciyarsa ba. Sai aka kai shi ɗaki mai lamba 101, aka kusanto da kejin ɓeraye fuskarsa, ya yi ihu a yi wa Julia a ƙyale shi. Littafin ya rufe yana zaune a shagon shan giya, yana son Babban Yaya. Mai jagora ya shirya wa wannan ƙarshe tun da wuri. Masu karatu 'yan ƙasa da shekara 18 sukan fita daga cikinsa da darasin da bai kamata ba, wato ja da mai ƙarfi wahalar banza ce. Maganin haka shi ne a karanta ratayen da ke bayan littafin, wanda ke bayanin sabon harshen da jam'iyya ke ƙerawa ta hanyar rage kalmomi. An rubuta shi da Turanci na yau da kullum, yana magana kan wannan harshe kamar abin da ya wuce, kuma masu nazari da dama sun ɗauki hakan a matsayin alamar mulkin ya faɗi daga baya. A kuma dawo da su kan matar nan ta talakawa da ke shanya tana waƙa a tsakar gida, wadda Winston ya ɗora wa irinta fatansa.

Ta fuskar aiki, littafin ya kai shafi 300 a yawancin bugu, kashi uku. A ware masa zama 8, kimanin shafi 40 a mako. Turancin Orwell miƙaƙƙe ne, ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare zai iya da ƙamus a gefe. Inda mota ke kafewa shi ne babi na 9 a kashi na biyu, wurin da Winston ke karanta littafin Goldstein, babban abokin gabar jam'iyya: shafuka masu yawa na bayanin yaƙi da tattalin arziki, babu labari. A nan ake rasa masu karatu. Kada a ba da shi aikin gida. A raba wa mutum uku, kowa ya taƙaita nasa yanki da Hausa cikin minti 10, a wuce. Akwai kuma maganar kwanciya a babi na 6 na kashin farko da farkon kashi na biyu, ba a fayyace ta ƙwarai ba amma tana nan, sai a yi la'akari in zaman ya haɗa maza da mata.

Wani abin da ke rinjayar da zaɓi wajen Orwell shi ne kuɗi. Ya rasu a Janairun 1950, dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 kuwa shekara 70 take karewa bayan rasuwar marubuci. Ke nan babu laifi a buga rubutunsa na asali a raba wa 'yan zama. Huxley ya rasu a 1963, Bradbury a 2012, nasu sai an saya ko an ara. Wanda ke son share fage da Hausa yana iya neman Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa ɗan ƙaramin littafin Orwell na 1945, Animal Farm. Zama biyu ya ishe shi, kuma yana sa mutane su saba da yadda ake sauya doka da daddare a wayi gari ana cewa dama haka take.

Huxley ya bi wata hanya dabam. A duniyarsa babu mai dukan kowa. Shekara ce ta 632 bayan Ford, mai kamfanin motocin nan na Amurka, wanda aka mayar abin rantsuwa. Ba a haihuwa, a kwalba ake ƙyanƙyashe mutane, aji biyar daga Alfa zuwa Efsilon, kuma ƙwai ɗaya na iya ba da tagwaye har 96 don aikin masana'anta. Jariran ƙananan aji ana nuna musu littattafai da furanni, in sun rarrafa wajensu sai a saki ƙara da wutar lantarki, su tashi suna ƙyamar karatu da daji. Da dare ana raɗa musu darasi cikin barci har ya zama tunaninsu. Wanda ransa ya ɓaci ya haɗiyi ƙwayar soma. Aure da iyali abin kunya ne, kalmar uwa ma batsa ce.

Mai biyayya a nan ita ce Lenina, kyakkyawa mai fara'a, ba muguwa ba ce ko kaɗan, duk abin da ya taso tana da karin maganar da aka raɗa mata tana barci. Masu bijirewa uku ne, kuma bambancinsu shi ne ribar littafin. Bernard Marx yana sukar tsarin ne don an raina shi saboda gajartarsa. Da ya samu suna ta dalilin baƙon da ya kawo Landan, sai sukar ta lafa, da aka zo hukunci kuma ya durƙusa yana kuka yana tura laifi kan abokansa. Helmholtz Watson yana da komai, amma yana jin akwai abin da ya kamata ya rubuta wanda duniyarsa ba ta da shi. Da aka ce za a kore shi zuwa tsibiri, ya zaɓi mai mugun yanayi, aka ba shi Falkland. Na uku shi ne baƙon nan, John, wanda aka haifa a keɓaɓɓen yankin 'yan asalin ƙasa a New Mexico, ya koyi duniya daga littafin Shakespeare. Bayan mutuwar mahaifiyarsa a asibiti ya watsar da rabon soma na ma'aikata ta taga yana kiran su zuwa ga 'yanci, su kuwa suka yo kansa. Babi na 16 da na 17, inda yake muhawara da Mustapha Mond, ɗaya daga cikin masu mulkin duniya su goma, su ne ƙololuwa. Mond ya san gaskiya, yana da littattafan addini a akwatin ƙarfe, kuma ya bayyana dalla-dalla dalilin da ya sa aka sayar da addini da fasaha da binciken ilimi aka sayi kwanciyar hankali. John ya ce shi yana neman haƙƙinsa na yin baƙin ciki. A ƙarshe ya rataye kansa.

A ganinmu wannan ne littafin da tambayarsa ta fi kusa da matashin yau, mai waya a hannu tun asuba, a unguwannin da iyaye suka sha kuka kan tramol. Amma shi ne ya fi wuyar gudanarwa, kuma ba mu ba da shawarar a fara da shi ba. Babi uku na farko babu jarumi, zagayen masana'antar jarirai ne cike da kalmomin ilimin halittu. Babi na 3 yana tsalle tsakanin hira huɗu, layi bayan layi, ba a faɗin mai magana. Sai an raba muryoyin ga mutane an karanta a fili kafin ya warware. John yana magana da baitocin Shakespeare, wanda bai san su ba zai rasa rabin ma'anar. Sannan maganar jima'i ta cika shi, har da wasan yara a babi na 3, abin da zai sa uba ya hana 'yarsa dawowa in ya buɗa shafin. Huxley yana nuna abin ne don a ƙyamace shi, amma wannan bayani ba ya isa gida tare da littafin. Yadda ya zana 'yan asalin Amurka ma akwai raini irin na zamaninsa, ya kamata a faɗa wa masu karatu tun kafin su kai. Babi 18 ne, uku-uku a mako, zama 6. Ya dace da ɗaliban jami'ar KNUST ko malamai da ma'aikatan jinya, mutanen da za su iya zama da babi na 17 su amsa wa Mond hujja da hujja, domin maganarsa kan cewa mai ƙoshi da ƙuruciya ba ya bukatar Allah tana neman amsa daga wanda ya yi karatun addini sosai.

Fahrenheit 451 shi ne mafi gajarta, kusan rabin na Orwell. Guy Montag ɗan kwana-kwana ne mai shekara 30, amma a zamaninsa gidaje ba sa cin wuta, aikinsu ƙona littattafai ne da kananzir. Sunan littafin ma'aunin zafin da aka ce takarda ke kamawa ne, kimanin digiri 233 a ma'aunin da muke amfani da shi.

Mai biyayya a nan matarsa ce, Mildred, kuma cikin ukun ita ce wadda 'yan zama za su gane nan take. Bango uku na falonta allon kallo ne, tana matsa wa miji ya sayo na huɗu. Mutanen cikin shirin take kira danginta. Da dare akwai 'yan na'urori toshe a kunnuwanta. Ta shanye kwalbar maganin barci, wasu ma'aikata biyu da ba likitoci ba suka zo da inji suka wanke mata ciki, suka ce suna samun irin wannan tara ko goma kowane dare, da safe kuma ta ce ita ba ta yi ba. Ƙawayenta na hira kan zaɓen shugaban ƙasa, hujjarsu ita ce wane ɗan takara ya fi kyau da tsayi. Ita ce kuma ta kira 'yan kwana-kwana a kan mijinta.

Jawabin shugabansu Beatty a ƙarshen kashin farko shi ne zuciyar littafin. Ya gaya wa Montag cewa abin bai faro daga gwamnati ba. An yi ta taƙaita littattafai, an yi ta gudun abin da zai ɓata wa wani rukuni rai, mutane suka koma ga hoto da gudu da wasa, sai doka ta zo daga baya ta tarar an riga an bar karatu. A nan mai jagora ya yi hattara, domin Beatty mai wayo ne, ya karanta littattafai da yawa, kuma yana cakuɗa gaskiya da ƙarya. Aikin zama shi ne a tsefe jawabin a ware wanne ne wanne. A gefensa akwai Faber, tsohon malamin jami'a, wanda ya ce da bakinsa shi matsoraci ne: ya ga inda aka dosa tun ana iya magana, ya yi shiru. Ga tsohuwar da ta ƙi fita daga gidanta, ta ƙyasta ashana da hannunta ta ƙone tare da littattafanta. Ga Clarisse, yarinya 'yar kusan 17, wadda duk bijirewarta ita ce tana tafiya a ƙasa tana kallon abubuwa tana tambaya. Cikin littattafan uku, wannan ne kaɗai ya jera wa mai karatu hanyoyin ƙin bi iri-iri, manya da ƙanana, ya bar shi ya auna.

Ƙarshensa kuma yana da wata alaƙa da mu da ba sai an yi dogon bayani ba. Montag ya tsere ta kogi, hukuma ta kashe wani bawan Allah a gaban kyamara ta ce shi ne, don kada masu kallo su ga an gaza. A bayan gari ya tarar da mutanen da kowannensu ya haddace littafi ko yankinsa, suna jiran ranar da za a sake rubutawa. Mai karatu a Amurka yana ganin wannan abin al'ajabi. Yaron da ya tashi a makarantar allo, ya ga an wanke allo karatu bai tafi ba, ya san mahaddata a unguwarsu, zai fahimci wurin fiye da yadda marubucin ya zata. Tambayar da za ta biyo baya mai kyau ce: haddar da ba a fahimta ba tana kare mutum daga zama Mildred?

Rauninsa a faɗe shi. Bradbury bai nuna yadda gwamnatin take aiki ba, don haka wanda ke son fahimtar injin kama-karya ba zai ƙoshi ba. Turancinsa cike yake da kwatance da siffantawa, jimla na iya yin kyau a kunne ta gagari mai ƙamus. Montag ya ƙona Beatty da ransa, labarin kuma bai tsaya ya tuhume shi ba kamar yadda Orwell ya tuhumi Winston. Wannan tuhuma sai 'yan zama su yi ta da kansu. Kashi uku ne ba babi a ciki, kuma lambar shafi ta bambanta daga bugu zuwa bugu, musamman in an tsinto kwafin nan da can wajen masu tsofaffin littattafai a Adum da Kejetia. A sa alamar tsayawa da abin da ya faru: zama na farko har ɓacewar Clarisse, na biyu daga tsohuwar zuwa ƙarshen kashin farko, na uku kashi na biyu gaba ɗaya, na huɗu har kogi, na biyar mahaddatan.

To ga hukuncinmu. In 'yan zaman ɗaliban sakandare ne, ko maza da mata a haɗe, ko wannan ne littafin Turanci na farko da za su gama daga bango zuwa bango, a ɗauki Bradbury. In manya ne da suka san siyasa, masu son gane yadda ake murɗe tarihi da yadda tsoro ke shiga tsakanin uba da 'ya, a ɗauki Orwell, kuma shi ne mafi ƙarfi cikin ukun ba tare da jayayya ba. Huxley ya zo na biyu ko na uku, bayan zaman ya yi ƙwari. Shi kansa ya rubuta wa Orwell wasiƙa a Oktoban 1949 yana cewa masu mulkin gaba za su ga sa mutane su so bautarsu ya fi sanda sauƙi, don haka karanta shi bayan Orwell yana ba da muhawarar da aka riga aka shimfiɗa. A guji taƙaitattun bugu na masu koyon Turanci in da hali, domin abin da suke fara yankewa shi ne jawaban da muka ce su ne zuciyar littattafan.

Wasu za su kawo We na Yevgeny Zamyatin, wanda ya riga su duka, an rubuta shi a Rasha wajen 1920 kuma ba a buga shi a can ba sai 1988. Asali ne, amma salonsa a tsinke yake, na masu nazari ne. The Handmaid's Tale na Margaret Atwood, 1985, yana duba mulkin da ya fake da addini ya mallake mata a Amurka. Yana buƙatar mai jagora da ya ƙware, ba na zaman farko ba ne.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama a Kumasi ba wuyar Turanci ba ce, siyasar jam'iyya ce. Asawase ta jam'iyyar NDC ce a tsakiyar yankin da abokiyar hamayyarta NPP ta fi ƙarfi, kuma da an ambaci Babban Yaya wani zai ce ai su wane ne, ɗayan ya rama, littafi ya koma gefe. A kafa sharaɗi tun ranar farko: ba a kiran sunan ɗan siyasa mai rai, kuma duk wanda zai kwatanta da Ghana sai ya fara nuna shafin da yake magana a kai. Tarihin da ya riga ya zauna ya isa misali. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, jagororin jam'iyyar Musulmi a Kumasi, zuwa Nijeriya, kuma da suka kai ƙara kotu majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu. Dokar tsare mutum ba shari'a ta zo a 1958, jagoran adawa J. B. Danquah ya rasu a kurkukun Nsawam a Fabrairun 1965, bayan ƙasar ta koma jam'iyya ɗaya a 1964. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, zanguna suka girgiza. A 1988 Farfesa Adu Boahen ya fito fili ya yi magana kan al'adar shiru a zamanin mulkin soja na PNDC. Kowane ɓangare na da nasa a cikin wannan jeri, shi ya sa yake kwantar da gardama. Amma mai jagora ya faɗa a sarari cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai Oceania. Amfanin kwatancen shi ne a ga wace dabara ce ta yi kama, wacce ce ba ta yi ba, kuma me mutanen gari suka yi a lokacin. In akwai dattijon da ya ga 1969 da idonsa, a gayyace shi zama ɗaya, a ba shi wuri ya yi magana ba a katse shi ba.

Tsawon zama kada ya wuce awa ɗaya da rabi, tsakanin la'asar da magariba, mutum 8 zuwa 12. Kwafi ɗaya na iya yi wa mutum biyu in gidajensu na kusa. A buɗe da karanta shafi biyu a fili da Turanci, wani ya maido da Hausa da bakinsa ba tare da duba takarda ba, nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya bi sahu. Kada a nuna fim sai an gama littafi. Wanda ya gama da Orwell ko Bradbury yana son ya ga wannan tambaya a ƙasarmu, sai ya nemi The Beautyful Ones Are Not Yet Born na Ayi Kwei Armah, 1968, labarin wani akawun jirgin ƙasa da ya ƙi karɓar cin hanci a ƙarshen mulkin Nkrumah, matarsa da surukarsa suna ganin wautarsa. Ba hasashen gaba ba ne, kuma matsin da ke kansa daga cikin gida yake fitowa. Turancinsa ya fi na ukun nan nauyi, a ware masa zama 7 ko 8.